Me ya riƙe auren talakan Ingila har shekara sittin?

Tambaya daga wata Hajiya a Zariya: "Malam, 'yata tana aikin kula da tsofaffi a Leeds. Kullum muka yi waya sai ta ba ni labarin wasu tsofaffi, miji da mata, da suka haura shekara sittin tare, har Sarki ya aiko musu da katin taya murna. Mu kuwa abin da muka taso muna ji shi ne Bature bai ɗauki aure a bakin komai ba. To su waɗannan me ya riƙe su? Kuma me ya sami 'ya'yansu da jikokinsu?"

Hajiya, 'yarki ba ta ƙara gishiri ba. Katin ma gaskiya ne, fadar Ingila tana aika wa ma'auratan da suka cika shekara 60 saƙon taya murna idan dangi suka nema, ta sake aikawa a 65 da 70. Abin da kuka taso kuna ji kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Zamani biyu ne aka cuɗa wuri ɗaya, na kakanni da na jikoki.

Na yi shekara huɗu ina haya a wani ƙauyen masu haƙar kwal kusa da Barnsley, a kudancin Yorkshire, lokacin da nake bincike kan tarihin ma'aikatan yankin. Bango ɗaya ne tsakanina da irin tsofaffin da 'yarki take kula da su. Ba zan kama sunansu ba, amma da su zan amsa miki, domin duk ƙofar da kika ƙwanƙwasa a layin nan kusan labarin da za ki ji ke nan. A takarda sau ɗaya aka ɗaura musu aure. Sharuɗɗan zaman kuwa sau uku aka gindaya su, kowane karo daban da na baya.

An yi bikinsu a watan Maris na 1959, shi yana da shekara 23, ita 20. Sai da mahaifinta ya sa hannu, domin kafin 1970 wanda bai kai 21 ba ba ya aure sai da iznin iyaye. Watan Maris ɗin ma da dalili. Shekarar haraji a can tana ƙarewa ranar 5 ga Afrilu, kuma a lokacin duk namijin da ya yi aure kafin ranar ana yi masa rangwamen mai iyali na shekarar baki ɗaya, a mayar masa da kuɗi. Da wannan kuɗin suka sayi gado. Ba sadaki, ba lefe, ba gara. Ita dai tun tana budurwa take tara zannuwan gado da tawul da cokula a aljihun durowa na ƙasa, kayan ɗakinta ke nan. Aka ɗaura a coci, aka sha shayi da burodi da nama, suka yi kwana uku a bakin teku a Bridlington, ya koma ramin kwal.

Wani abu da zai ba ki mamaki: ba ita ta tare gidansu ba, shi ya tare gidan surukai. Bayan yaƙin duniya na biyu gidaje sun yi ƙaranci ƙwarai, sabbin ma'aurata da yawa a ɗaki ɗaya suka fara a gidan iyaye, galibi na iyayen amarya. Wasu masu bincike biyu, Michael Young da Peter Willmott, da suka yi nazarin unguwar Bethnal Green a gabashin Landan cikin shekarun 1950, sun tarar cewa ginshiƙin rayuwar matar aure uwarta ce, ba mijinta ba. Wurin uwa take zuwa shawara, can take barin yara, uwar ce take roƙon mai karɓar haya ya samo wa 'yarta gida kusa. A Yorkshire ma haka abin yake.

Yarjejeniyar farko a cikin ambulan take. Duk Juma'a ana biyan ma'aikaci kuɗi hannu a ƙaramin ambulan mai ruwan ƙasa, kuma da abin da yake yi da ambulan ɗin ake auna shi a unguwa. Akwai mai ajiye shi a kan tebur ba tare da ya buɗe ba, matar ta cire masa kuɗin taba da giya. Wannan ya fi yawa a garuruwan masaƙa na Lancashire, inda matan ma suke saƙa bayan aure, suna da bakin magana. Akwai mai cire kuɗin cefane ya miƙa, ya soke sauran a aljihu. Akwai kuma wanda yake biyawa mashaya tukuna, har matar ta tura yaro ya tsaya a ƙofa ko za a tsira da wani abu. Maƙwabcina na biyun ne, kuma ana lissafa shi cikin mazan kirki. Matarsa ta gaya mini, tana dariya, cewa shekara 25 ta yi da shi ba ta san nawa yake ɗauka ba. Tambaya ma cin fuska ce.

Abin da aka miƙa mata kuwa, mulkinsa nata ne ita kaɗai. Ta jera gwangwanaye a saman murhu: na haya, na mitar gas da ake zura wa kwabo, na mai inshora da yake zagayowa duk mako don kada a rasa kuɗin binne gawa, na takalman yara. Tana sayayya a kantin haɗin gwiwa, inda kowace mata take da lamba, ana raba musu riba gwargwadon abin da suka saya. Har ta haura tamanin ba ta manta lambar ba. Kuɗi ɗaya ne kawai yake zuwa da sunanta, tallafin yara da aka fara biya a 1946, sule biyar a mako a kan kowane yaro ban da na fari. Wata 'yar majalisa, Eleanor Rathbone, ita ta dage sai an biya shi a hannun uwa, domin ta san inda zai ƙare idan ya shiga aljihun uba.

Aikinta shi ne ta tabbatar ya iya komawa rami gobe. Ana aikin kwal ne kashi uku, safe da yamma da dare, don haka akwai makon da za ta tashi ƙarfe huɗu na asuba ta hura wuta, akwai makon da za ta hana yara motsi da rana don yana barci. Litinin wanki da hannu. Abinci ya kasance a kan tebur da ya shigo. Shi kuma bai taɓa tura keken jariri a titi ba, don abokai za su yi masa dariya, kuma ranar da aka haifi ɗansu na fari a gida ungozoma waje ta kora shi. Hirarsa tana kulob ɗin ma'aikata, inda mata ba su samu cikakken haƙƙi irin na maza a ƙungiyar kulob-kulob ɗin ta ƙasa ba sai 2007. Tata hirar tana bakin katanga da maƙwabta. Su ma suna da tasu kunyar. Ban taɓa jin ya kira ta da wata kalmar soyayya ba. Idan zai ambace ta sai ya ce "yarinyarmu", yadda mazan Yorkshire suke cewa, ko da yarinyar ta yi jikoki.

Kada ki ɗauka duk ƙauna ce ta riƙe wannan zaman. Ƙofar fita a ƙuntace take. Miji ba ya saki da baki ko da takarda, kotu kaɗai ke raba aure, kuma sai an tabbatar da laifi: zina, ko azabtarwa, ko guduwa ta shekara uku. Bazawara ba ta da kasuwa irin ta wurinmu, inda mace za ta gama idda manema su fito. A can tabo ne. Gidan haya da sunan miji yake, kuma a garin kwal aikin mata kaɗan ne. A 1964 matar nan ta haɗa akwati ta ɗauki yara biyu ta nufi gidansu, bayan ya kashe kuɗin hutun shekara a cacar doki. Uwarta ta ba ta shayi, ta ce tunda ba dukanta yake yi ba kuma yana kawo kuɗin cefane, ta koma ɗakinta kafin maƙwabta su gani. Kin san wannan maganar, Hajiya, ba sai na fassara miki ba. Waɗanda ake duka ma sau da yawa abin da ake gaya musu ke nan. 'Yan sanda suna ɗaukarsa rikicin cikin gida, kuma gidan farko da ya shahara na fakewar matan da ake duka sai 1971 aka buɗe shi a Chiswick, a Landan.

Abin da ya fara sassauta zaman ba doka ba ce, gida ne. Ƙidayar 1951 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidaje ba su da bahon wanka na dindindin. A bahon kwano ake wanka gaban murhu, masai kuma yana tsakar gida, wani lokaci na tarayya da maƙwabta. Gwamnatoci suka duƙufa gina gidajen ƙananan hukumomi, har aka haura 300,000 na sabbin gidaje a 1953 lokacin da Harold Macmillan yake ministan gidaje. Maƙwabtana sun sami nasu a 1962, mai ɗaki uku da lambu. Ta ce ranar da aka ba su makulli ta hau sama ta shiga bahon da kayanta a jiki, ba ruwa, ta zauna kawai tana kallon famfo. Daga nan talabijin ya shigo, sai injin wanki, sai firiji, duk bashi ne ana biya kaɗan-kaɗan. Talabijin ya yi abin da wa'azi bai yi ba, ya zaunar da maza a gida wasu dararen.

Sai haihuwa. Uwarta takwas ta haifa, ita uku. An fara bai wa matan aure ƙwayar tsarin iyali a asibitocin gwamnati a 1961, zuwa 1974 ta zama kyauta ga kowa. Macen da ta yi aure a shekara 20 ta rufe haihuwa kafin 30, yara suka shiga makaranta, sai ta waiga ta ga shekara arba'in a gabanta.

Nan aka zo yarjejeniya ta biyu. A 1971 ta ce za ta kama aiki a ɗakin girkin makarantar firamare. Sai da aka kai ruwa rana. Abin da ya dame shi ba tarbiyyar yara ba ce, cewa ya yi abokan aiki za su ce ya kasa riƙe iyalinsa. Aka daidaita a kan cewa abincinsa ba zai makara ba, kuma kuɗinta na ƙyale-ƙyale ne, labule da hutu. Haka miliyoyin mata suka shiga aiki, rabin yini, ƙaramin albashi, aikin gida yana nan yana jira. Daga baya ta koma kamfanin ɗinki. Dokoki suna biyowa a baya. A 1968 mata 187 masu ɗinka rigunan kujerun mota a kamfanin Ford na Dagenham suka yi yajin aiki, minista Barbara Castle ta shiga tsakani, aka yi dokar daidaita albashi a 1970, wadda ba ta fara aiki ba sai ƙarshen 1975. A shekarar ce kuma aka haramta nuna bambancin jinsi, wanda kafin nan banki ko kanti yakan ce mace ta kawo sa hannun miji ko uba kafin a ba ta bashi. Haraji kuwa, sai 1990 aka daina lissafa kuɗin matar aure a matsayin na mijinta.

Dokar saki ta canza a 1969, ta fara aiki a Janairun 1971. A dokar ta wancan lokacin, idan an rabu shekara biyu kuma duka sun yarda, shi ke nan. Idan ɗaya ya ƙi, shekara biyar. A Ingila da Wales saki ya tashi daga kusan 58,000 a 1970 zuwa kusan 119,000 a 1972. Masu cewa tarbiyya ta lalace wannan adadin suke nunawa. Ni a ganina auren da ya mutu tun tuni ne aka samu damar binne shi, mutanen da suka shekara goma ba sa gida ɗaya. Ki lura kuma, 1972 ɗin ita ce shekarar da aka fi ɗaura aure tun bayan yaƙin duniya na biyu, sama da 426,000. Adadin sakin ya ci gaba da hawa har kusan 165,000 a 1993, kuma a waɗannan shekarun kusan bakwai cikin goma mata ne suke kai ƙara. Wato matan da aka ce su koma ɗakinsu a shekarun 1960, da ƙofa ta buɗe da yawansu fita suka yi. Tsofaffin da 'yarki take gani su ne ragowar da suka tsallake wannan rariya, kada a auna zamanin duka da su.

Yarjejeniya ta uku ita ce mai zafi. Lokacin da gwamnati ta karɓi mahaƙan kwal a 1947 fiye da mutum 700,000 ne suke aiki a ciki. Zuwa 1984 ba su kai 200,000 ba. A Maris na shekarar aka sanar za a rufe mahaƙar Cortonwood, nan kusa da Barnsley, kuma hukumar kwal ta ce za a rufe guda 20. Ƙungiyar ƙwadagon da Arthur Scargill yake jagoranta ta shiga yajin aikin da ya ɗauki shekara guda cur, gwamnatin Margaret Thatcher kuma ta ce atafau. Ba albashi. Tallafin da ake bai wa iyalan masu yajin ma ana zabtare fam 15 a mako. Wajen cike takardar neman wannan tallafi ne maƙwabciyata ta fara ganin takardar albashin mijinta. Ta ce ta daɗe tana kallon adadin, ta lissafa abin da yake ba ta, ta lissafa abin da yake ragewa, ta ninke takardar ba ta ce komai ba, don ba lokacin faɗa ba ne.

Ga kuma bashin gida a wuya. Dokar 1980 ta bai wa masu haya a gidajen ƙaramar hukuma damar sayensu da rangwamen kashi 33 zuwa 50 cikin ɗari, su kuma sun sayi nasu a 1982. Har ya tsufa bai iya furta sunan Thatcher ba tare da ya tsuke baki ba, amma gidan da za su bar wa 'ya'yansu dokarta ce ta ba su. Idan aka tsokane shi da wannan sai ya tashi ya shiga lambu.

Shekarar nan albashin ɗinkinta, wanda aka ce na labule ne, shi ya riƙe gidan. Matan ƙauyukan suka buɗe wuraren dafa abinci na taro suna ciyar da ɗaruruwa kullum, suka riƙa zuwa Landan da sauran birane neman gudummawa. A Mayun 1984 dubbansu suka yi jerin gwano a Barnsley. Matar da ba ta taɓa magana gaban mutum goma ba ta tsaya gaban ɗaliban jami'a riƙe da lasifika. Da sanyi ya shigo aka rasa na hura wuta a garin da yake zaune a kan kwal. A Goldthorpe wasu 'yan'uwa biyu matasa ƙasa ta rufta musu suna tonon ɓaraguzan kwal a Nuwamba, suka mutu. A Maris na 1985 maza suka koma aiki ba su sami komai ba.

Shekaru kaɗan aka rufe tasa mahaƙar, aka sallame shi yana ɗan hamsin da 'yan kai, da kuɗin sallama da huhu cike da ƙura. Bai sake samun aikin kirki ba. Ita ce take fita da safe, shi yana gida, kuma aure da yawa a yankin a nan suka watse, domin matar da ta ga duniya ba za ta koma jiran ƙarar takalmin miji ba, mijin da aka raba da ambulansa kuma bai san ko shi wane ne ba. Maƙwabcina wata shida ya yi yana zaune yana kallon bango. Daga baya ya fara wanke kwanoni, amma sai ya ja labule tukuna. Mutumin da bai taɓa tura keken ɗansa ba shi ya riƙa kai jikoki makaranta. A inda mahaƙar Cortonwood take yanzu manyan kantuna ne, jikarsu ɗaya a can take aiki. Mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a ƙasar, Kellingley, an rufe ta a Disambar 2015.

Game da 'ya'yansu da jikokinsu, amsar ba ta da tsawo. Babban ya yi aure ya rabu ya sake. 'Yar ta shekara talatin da mutum ɗaya, sun haifi uku, ba a taɓa ɗaura musu aure ba. A shekarun 1950 kusan yaro ɗaya cikin ashirin ake haifa ba aure, a 2021 kuwa sun haura rabi a Ingila da Wales, ko da yake da yawansu iyayen suna zaune gida ɗaya. Kuma abin ya fi tsanani a cikin talakawa. Masu digiri da albashi mai kauri har yanzu suna aure, suna kuma riƙe shi. Auren kakannin a kan abu uku ya tsaya: aikin da saurayi ɗan shekara 23 zai riƙe iyali da shi, gida mai arha, da dangi a layi ɗaya. Na farko ya tafi da masana'antu, na biyu an sayar ba a gina madadinsa ba, na uku ya bi su. Coci ma ta yi rauni, amma talakan Ingila dama tun can ba mai yawan zuwa coci ba ne, sai biki da suna da jana'iza.

Abin da 'yarki take gani shi ne zangon ƙarshe, na jinya. Lokacin da na san su numfashinsa ya riga ya yi nauyi, ita take lissafa masa magani. Da aka yi mata aikin ƙugu, shi ya riƙa hawa bene da tire yana hutawa a kowace matakala ta uku, ina jin tarinsa ta bango. Ko wannan jinyar ma sai 1986 aka yarda matan aure su karɓi alawus ɗinta, kafin nan ana ganin ai aikinsu ne dama.

Na taɓa tambayarta ko ta sake haɗa akwati bayan na 1964. Ta ce sau ɗaya, lokacin da yake zaman kallon bango. A karon nan tana da albashinta, tana da asusunta a banki, 'yarta tana da ɗakin da za ta sauke ta, uwar da za ta ce ta koma kuma ta rasu. Ta kai har tasha, ta zauna, bas biyu suka zo suka wuce. Na ce to me ya dawo da ke? Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ta tuna ta bar wanki a igiya kuma hadari ya haɗo, ta san ba zai lura ba. Da ta iso ta tarar ya kwashe, ya ninke, duk a karkace. Shi yana kujerarsa yana jinmu, bai ɗago daga jaridarsa ba, ya ce ai ruwan ma bai sauka ba ranar.